Kura a Ɗakin Labarai

Shekara tara ina karanta labarai a Garwa,
ƙarfe bakwai, bayan an idar da magariba,
a ɗaki mai fanka ɗaya da agogo mai latti.
Ban taɓa ganin kura da idona ba,
amma ta bakina ta ratsa garin nan fiye da sau dubu.

Wata rana da ƙafa huɗu take zuwa.
Ta haura shinge a wani ƙauye bayan Pitowa,
ta ɗauke wa Malam Bawuro tunkiya mai ciki.
Na karanta. Kafin in ajiye takarda ya bugo waya,
ya ce akuya ce, a gyara masa.
Aka gyara.
Ba wanda ya bugo a madadin kura.

Washegari ga ta da taya biyu,
jarka goma sha biyu a gadon bayanta,
wani yaro mai silifa kala biyu yana tura ta a Yelwa,
hukumar gari ta ce duk mai kura
ya kawo sefa ɗari biyar na lamba.
Wannan ba ta cin kowa.
Ita ake ci, da ita da mai turin.

Sai ta ɓace mini mako uku.
Farashin auduga, allurar shanu, taron gwamna.
Har na soma kewarta.

Ta dawo da hula da carbi.
Kuɗin masuntan Lagdo sun yi ƙafa,
na raga, na injin kwalekwale, na marayun wanda ruwa ya ci,
wakilinmu Tanko ya rubuto da jan biro
cewa kura aka ba ajiyar nama.
Na san ma'ajin. Benci ɗaya muka zauna da 'yarsa a firamare,
ita ke ara mini abin goge rubutu.
Na karanta, muryata ba ta yi rawa ba,
a gida ne tuwo ya ƙi wucewa.

A filin kokawa kuwa kirari ce.
Kurar Rumde Ajiya ya kā da mutum uku kafin la'asar,
aka ɗaga shi sama, aka yi masa liƙi har a goshi.
Kalmar da ta raka wancan kurkuku
ita ta saya wa wannan babur.

Injin rubutunmu ɗan ƙasar waje ne,
bai san lanƙwasa ba, kowane baƙi a miƙe yake fitar da shi.
Ranar da mahauta da masu kayan miya suka shirya
bayan rigimar rumfa,
Talatuwa ta buga mini cewa ƙura ta lafa,
injin ya cinye ƙugiyar,
ni kuma ina sauri, jan fitila na kallona,
na sanar wa arewa kaf
kura ta lafa a babbar kasuwa.

Kakata Iya Dudu ta kulle awaki da kanta,
ta jingina turmi a ƙofa.
Har yau in na je sayen tsoka
sai Sarkin Fawa ya leƙa ƙarƙashin teburi,
ya ce, Hajiya, tana nan, barci take.

In na tashi aiki, ina kan gadar Binuwai a bayan babur,
nakan dubi duhun da ya miƙe can wajen Faro.
Tana ciki, mai ɗingishin, tana shinshinar abin da ya mutu.
Ba ta da rediyo.
Ba ta san ta yi ma'aji ba, ta yi dakon ruwa,
ta sha liƙi, ta kwana a kasuwa.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Ranar talatin ga wata nakan bi layi a banki,
in sa hannu, in ƙirga,
in tsaya wajen Sarkin Fawa in sayi rabin kilo.