Tukunyar Davou

A Anguldi, bayan gareji,
Davou ya ɓarza tsiron sha'ir,
ya jiƙa a ruwan zafi, ido kan ma'auni,
ya lulluɓe tukunyar da bargo
kamar mai zazzaɓi.

Ngo Kachollom na kallo,
ita da ta tsufa a bakin murhun burukutu,
yatsa ne ma'auninta.
"Wannan furen fa?"
"Na ɗaci ne, Kaka, daga waje."
"Ɗaci ma sai an sayo?"

Sati biyu jarka na gunaguni a lungu,
sanyin Filato na gadinta.

Ranar buɗewa, launin zuma, farar hula.
Ta kurɓa. Ta yamutsa fuska.
Can ta miƙo ƙoƙon:
"Ƙaro. Ban gama gano laifinta ba."