Harafi Guda

Shekara biyu ina da aji biyu.
Da safe farar riga a kwalejin lafiya,
da la'asar bencin katako a Mabera,
ina sake kokawa da kimiyyar da ta taɓa kayar da ni.
Tsakaninsu kabu-kabu, da ƙosan hamsin,
da ranar Sakkwato mai gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi.

A jikin lemu na koyi allura
kafin a ba ni damtsen mutum.
Lemu ba ya cewa wayyo.
Na farkon da na tsira, wani tsoho ne daga Wamakko,
ya ce, "Yaro, hannunka na rawa.
Kama ni kamar za ka tatsi nagge."
Tun ranar hannun ya natsu.

Baba ya sayar da buhu biyu na albasa
don kuɗin fam da hoto da abin da ba a rubuta ba.
Gonarsa na ƙasan gadar Kwalkwalawa,
inda motocin jami'a ke wucewa cike da ɗalibai.
Da su yake gane lokaci,
ta bakwai, ta goma, ta komawa gida.
Bai taɓa cewa yana son ganina a ciki ba.
Yakan dai daina ban ruwa har sai ta wuce.

Sai ga ni a shagon Sirajo,
fayil a hammata, gumi ya jiƙe gefensa.
An ɗauke wuta, an tada janareta,
mun jira layi ya dawo kamar masu jiran wata.
Ya buga, ya sake bugawa, ya juyo:
"Sakandare ta rubuta Marwana,
kwaleji ta rubuta Marwanu.
Na'ura ta ce ku biyu ne."

Mu biyu!
To wanene ya kwana a ɗakin haihuwa yana riƙe da fitila?
Wanene ya haddace ƙasusuwa a kan babur?
Wanda ya ci jarrabawa ba shi da difloma,
mai difloma bai gama sakandare ba,
ga su tsaye cikin takalmi ɗaya.

Na tafi kotu na rantse cewa ni ne ni.
An buga hatimi, na biya.
Na tafi wajen magatakarda neman takardar sakamako,
ya ce gobe.
Goben ta haifi jibi, jibin ta haifi Litinin,
har mai gadi ya fara ajiye mini kujera.

Inna Hajo ta yi dariya har da tari:
"Mi sunka ce? Kai biyu na?
Ni nid daka hurar sunanka,
guda ɗai munka gani cikin zane."

An ce gurbin kaɗan ne, masu nema kamar fara.
An ce sai da takardar wani babba.
An ce, an ce.
Ni dai na tura, na ga allon ya yi kore,
Sirajo ya miƙo min rasit mai ɗumi kamar gurasa,
na ninke shi huɗu, na sa a aljihun ƙirji.

Yanzu jira ya rage.
Bayan isha'i nakan ɗaura wa Inna awon jini,
ta ce, "Likita ya iso."
Na ce, "Nas, Inna. Kuma da saura."
Ta ce, "Ga suna na uku, je ka kotu."

Nakan ɗora yatsu biyu a wuyan hannunta,
idona a kan agogo,
waya a gefen tabarma, fuskarta sama ko saƙo zai shigo.
Saba'in da takwas.
Jiya tamanin ne.
Na rubuta a littafi, na sa kwanan wata,
wajen sa hannu na ɗan tsaya
kafin harafin ƙarshe.