Ɗan Akwatin Zuga

Bai kai kwalin ashana biyu ba.
Labbo ya zaro shi daga leda kamar mai zaro laya,
ya ce wata uku yana jiransa,
daga jirgi zuwa Ikko,
daga Ikko motar dare ta sauke shi Birnin Kebbi.
"Gado, ɗaura mini."

Motar ja ce, ƙofa biyu,
cikinta na shafar ƙasa kamar na damo.
Shinkafar rani uku ce zaune bisa taya huɗu.

Na cire kan batir, na jira inji ya huce,
don ƙarfe mai zafi ba ya sanin maigidansa.
Na bi waya da yatsa har maƙogwaron iska,
na zare soket, na cusa baƙon a tsakani.
Ƙas! Ya kama.
Na ɗaure shi da roba nesa da zafi.
Minti arba'in, har da shan shayi.

Ka san sana'arsa? Zuga.
Ƙwaƙwalwar mota ta ce, iska nawa ta shigo?
Shi kuwa ya rusuna: kaɗan ce, ranki ya daɗe, ƙaro.
Ta ƙaro iska, ta ƙaro mai,
ta manta iyakar da maƙerinta ya shata mata.
Maroƙi ne da ba ya karɓar ko sisi,
inji ke biya, a hankali, da jikinsa.

Lamba bakwai gare shi. Labbo ya ce, bakwai.
Na ce, man da ka sha jiya na jarka ne.
Ya ce, bakwai.

Bayan asuba muka ɗauki hanyar Jega.
Kafin Kalgo allura ta kwanta dama,
itatuwa suka haɗe suka zama darni ɗaya,
ƙeyata ta manne da kujera,
salati na fita bakina ba da izinina ba.
Labbo na dariya har da dukan sitiyari.
Amma can ƙarƙashin dariyar
na ji abin da shekara ashirin da shida ta koya wa kunnena:
ƙis, ƙis, ƙis,
tsakuwa cikin gwangwani.
Inji na cin kansa, yana murmushi.

Sai ga tsoho a bayan kwana,
yana tura keke da buhun albasa,
tsakiyar titi, kamar gonarsa.

Birki ya yi kuka. Taya ta rubuta baƙin layi.
Muka tsaya.
Tsakaninmu da shi, shimfiɗar tabarma ɗaya.
Bai ko waiwayo ba.
Albasa guda ta faɗo, ta gangaro, ta jingina da tayarmu.

Ba wanda ya yi magana har gareji.
Wutar gargaɗi na ci, ruwan ɗorawa, kamar idon mage.
Na ce, waya ce ta saki, je ka karya kumallo.
Da ya sha kwana na buɗe bonet,
na murɗa bakwai ta koma biyu,
na juya fuskar akwatin ta kalli bango.

La'asar ya dawo yana walƙiya:
"Gado, wallahi yanzu ta fi ɗazu tashi!"
Na ce, ai bakwai ba wasa ba ce.
Ya ƙara mini dubu biyar.

Yanzu akwati na yi wa inji ƙarya,
ni ina yi wa mai shi.
Ban san wadda za ta fi nauyi ranar awo ba.

Albasar dai na ɗauko ta.
Tana nan bisa tagar shago, kusa da gwangwanin giris,
jiya na ga ta fara tsiro.