Shaidar Maigadi

Ni ne Iro, maigadin gidan Alhaji Sada,
can bayan Ƙofar Ƙaura, gida mai baƙar ƙofa.
Shekara goma sha ɗaya a kan benci guda,
rediyo a cinya, tocila a aljihu,
ni da sauro muke raba dare.

Ranar da aka sauke shi daga mota
ɗan kwikwiyo ne kamar curin fura.
Kuɗinsa ya ci albashina na wata biyar.
Aka raɗa masa Kashedi, muka yi dariya.
Yana cin hanta, ina jiƙa garin rogo,
ban ce komai ba, wa ke hassada da kare?

Ya girma, ƙirji kamar turmi.
Ya fara da akuyar Magajiya mai ƙosai,
aka danƙa mata kuɗi, aka ce a rufe zancen.
Na ce, Alhaji, tsatsa ta ci sarƙar nan.
Ya ce gobe.
Mai unguwa ya tako da ƙafarsa, ya faɗa, ya maimaita.
Ya ce gobe.
Goben Alhaji garinta ba ya wayewa,
tana can wuyan Kashedi a ɗaure.

Talata, an fito asuba,
Rabe mai burodi ya tsayar da kekensa,
ya kaɗa ƙararrawa sau biyu kamar kullum.
Na buɗe ƙaramar ƙofa, na miƙa hannu.
Ban ji haushi ba, mai niyya ba ya shela.
Tsinkewar ƙarfe kawai na ji,
sai burodi a kwata, taya na juyi a sama,
sharaɓar Rabe a baki kamar ƙashin mahauta.
Gora biyu na karya kafin haƙoran su ware.

Ɗinki goma sha bakwai, allura bayan allura.
Keke a jingine, 'ya'ya biyar na leƙen tukunya,
bashin gidan burodi yana jira a zaure.

Daren jajiberin zaman kotu Alhaji ya kira ni,
ya zuba mini shayi, har da madara,
abin da bai taɓa ba.
"Iro, ka ce shi ya tsokane shi.
Ai ga rubutu nan a bango."
Rubutun da Turanci ne.
Rabe allo ya yi, ni ma allo na yi,
shi kuma Kashedi ko bismilla bai kai ba.
Na shanye shayin, ya tsaya mini a maƙoshi,
na kwana idona biyu, cikina a ƙulle, hanjina a murɗe, tare.

Alƙali bai tambayi launin kare ba.
Ya ce, wa ke ciyar da shi?
Wa aka yi wa gargaɗi? Sau nawa? A gaban wa?
Na dubi Alhaji, na dubi sandar Rabe,
na dubi littafin da na ɗora wa hannu.
Na ce, sau uku, ranka ya daɗe,
huɗu in an ƙidaya akuya.
Bakina ya buɗe kamar buhun da aka ja wa zare.

Ya ce, dabba ba ta da aljihu,
ba a aika mata sammaci.
Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.
Kuɗin magani, kwanakin da keke ya kwanta,
da arashin rauni, duk a wuyan mai shi.
Magatakarda ya rubuta, shari'a ta ƙare.

Aikina ma.
Na tarar da bencina a waje, rediyo a kai.

Yanzu ni ke tuƙa keken Rabe,
shi yana gida yana lissafi, muna raba riba.
Kullum da safe sai na bi ta baƙar ƙofar nan,
ba na kaɗa ƙararrawa.
Ta ƙasan ƙofa ina hango sabuwar sarƙa tana ƙyalli.
Na tambayi kuɗinta a 'Yar Kutungu:
bai kai hantar mako guda ba
ta wannan kare.