Ranar Miƙa Hatimi

Shekara talatin da ɗaya
babana Tsahiru na zaune a meri ta Maradi.
Ƙafar teburinsa ɗaya ta gaza,
ya tokare ta da guntun bulo, ya ce ta jira,
akwai waɗanda suka fi ta gajiya a layi.

Jaririn Bagalam, jaririn Zariya,
sai ya bi ta bakin alƙalaminsa
kafin gwamnati ta san ya iso duniya.

Wata damina, Gulbi ya cika ya batse,
tsohuwa ta tako a ƙasa daga Jiratawa,
takardar jikanta a ƙullin zane,
tawada ta narke, suna ya bi ruwa.
An tashi aiki. Ya koma ya buɗe ƙofa.
Tuwonsa ya huce a gida,
inna ta gaji da ɗumama miya.

Wani alhaji ya saƙa jaka goma cikin takarda,
a rage wa ɗansa shekara biyu.
Baba ya bi shi har bakin mota:
"Alhaji, ka yi mantuwa."
A watan nan aka yanke mana wuta.

Na yi fushi, ban ɓoye ba.
Ya ce: "Habsu, kujerar nan aro ce,
masu ita ga su can tsaye a rana."

Yau ya miƙa hatimi,
mariƙinsa ya yi sulɓi da gumi.
Saurayin da ya karɓa,
baba ne ya rubuta haihuwarsa.
Ya nuna masa bulon, ya ce: "Kula da wannan,"
ya ja kekensa, muka taho gida.