Katangar Azurfa

Ran Lahadi, kasuwar Tawa na ci,
Tsahara ungozoma ta zo daga Kalfu,
ta kwance bakin zane a kan bencina.
Tsakiya ta gangaro, ja kamar hantar rago,
bayanta tudu, cikinta shimfiɗe,
ba kusurwar da yatsa zai kama.
Ta ce a ruwan wankan jariri ta faɗa.
Ga zoben nan, baki buɗe, ba kowa a gida.

Irin wannan dutse ba na huda shi,
ba na liƙa shi da ƙaro.
Ɗaki ake gina masa daidai ƙugunsa.

Na zagaye shi da zare,
na datse da haƙori, awo ya samu.
Ƙaramar guduma ta hau uwar maƙera
tana yi wa azurfa faɗa
har ta yi laushi kamar ɗanyar kaba.
Almakashi ya fitar da siririn ɗauri.
Magagari uku gare ni:
babban yana ci kamar gara,
na biyu a Yamai na saye shi, ban taɓa son sa ba,
sai ƙaramin da Baba Nomau ya bari,
mai ƙotar ƙahon akuya,
haƙoransa sun ƙare, lallashi kawai ya iya.
Shi ke shirya bakuna biyu
har haske ya rasa hanya tsakaninsu.

Hantsaki ya ɗora ƙwayar sinadari a gaɓa.
Illa na kan zugazugi, yana hura kamar ana korar sa.
Na ce, yaro, sassauta,
azurfa ba bakin garma ba ce.
Sinadari ya yi ƙyalli sau ɗaya, ya shige tsaga.
Ruwan tsamiya ya ce cuu.

Da na zo ɓamɓare tsohuwar katanga
na juya ta a tafin hannu,
sai na ga zane uku a gefe, karkatattu,
inda magogi ya taɓa zamewa.
Na san hannun da ya zame.
Shekarunsa goma sha biyar,
Baba Nomau ya tafi jana'iza ya bar masa aiki,
ya rage tsayin katangar da kaurin farce,
ya tara garin a kwalbar turare
don ya biya ƙofar filin kokowa.
Ban ma tuna wa ya kayar ba.

Tsahara na can bakin rumfa tana cin goruba.

Na dasa sabuwar a kan gindi,
na bar mata tsayin da na sata, da ɗan ƙari.
Tsakiya ta zauna da ƙaramin sauti
irin na murfi da ya sami tukunyarsa.
Da wutsiyar cokali nake dannawa,
wadda shekaru suka goge ta fi madubi:
gabas tukuna, sannan yamma,
kudu, arewa,
in ka bi ta gefe ɗaya dutse zai gudu,
in ka matsa da fushi zai tsage.
Azurfa ta sunkuya ta kama kafaɗarsa.
Na kaɗa zoben kusa da kunne.
Shiru.

Ta ce nawa? Na ce jika.
Ta ce tsada, ta ba ni dala ɗari da hamsin.
Ta sa shi a yatsa tana juyawa a rana,
ta ce, wanda ya yi na farkon hannunsa da albarka,
shekara talatin, haihuwa ba adadi,
sai bana ya saki.
Ku na yanzu sai mu gani.

Illa na kallona.
Na share garin azurfa daga fatar da ke cinyata,
na zuba a gwangwani, a gabansa,
na ce mata, Allah ya jiƙan maza.