Abin da Ƙarfe Ya Faɗa Mini

Shekara talatin da ɗaya ina wasa kaifin takalman ƙanƙara
a wannan ɗaki na ƙarƙashin bencin 'yan kallo, a Kajaani,
inda tartsatsin dutsena ya fi rana daɗewa a ido
daga Nuwamba har ƙarshen Janairu.

Ilta Kemppainen tana da shekara bakwai ta fara leƙo ni
da takalman yayanta, an cusa musu tsohuwar jarida
don kada ƙafa ta yi iyo a ciki.
Ta tura gashinta cikin kwalkwali, ta ce sunanta Ilmari.
Na gane.
Na ja bakina, na wasa.

A zamanin nan ƙarfe goma na dare ne rabon 'yan mata,
bayan samari sun gama sassaƙe filin hoki
sun bar shi kwari da tudu kamar gonar dankali.
A nan ta koyi juyi.
Wanda ya koyi gudu a kan kunyar gona
shimfiɗaɗɗen fili ba ya razana shi.

"Urpo, kada ka zurfafa," haka take ce mini,
"so nake in zame, ba in ciji ƙanƙara ba."

Da asuba jakar wasiƙu a kafaɗa, gida-gida cikin duhu,
da dare baƙin faifan roba a bakin sanda.
Rigar ƙasa ta zo tana da sha tara.
Albashi bai biyo ta ba,
wai yana hanya. Har yau yana hanya.

Na tuna daren tagulla.
Mu tara a kantin shayin filin, talabijin na rawar sanyi,
wasan a wani birnin ƙetare da harshena ya kasa ɗauka.
Saura daƙiƙa sha ɗaya,
ta yanko ta hagu, ta kwanta kamar za ta sumbaci ƙasa,
faifan ya bi ta ƙarƙashin hammatar mai tsaron raga.
Kowa na ihun sunanta.
Ni ƙafarta nake kallo: kaifin ya riƙe.
Na fita waje na yi kuka, hawayen suka daskare a gemu.

Ƙanƙara ba ta ba da bashi sai da jingina.
Ta karɓi haƙora biyu.
Ta karɓi gwiwar hagu, aka ɗinke, ta sake karɓa.
Ta karɓi wata huɗu cur, bayan karon bango,
Ilta na kwance, labule a sauke,
ƙarar cokali a kofi ma guduma ce.

'Yan jarida suna karanta maki, ni ƙarfe nake karantawa.
A shekararta ta talatin da biyar
kaifin dama ya riƙa cinyewa, na hagu kamar sabo.
Tana tausaya wa gwiwar ba ta sani ba.
Na riga likita sani, na riga koci,
na riga ta.
Wannan karon ma na ja bakina.

Jiya ta shigo, babu sanda, tana ɗan ɗingishi.
Na miƙa hannu don nata. Ta girgiza kai.
Ta zazzage buhu a kan teburina:
ƙananan takalma, ƙafa goma sha huɗu,
wasu da igiya ruwan hoda, ɗaya da jarida a ciki.

"Ƙarfe shida na yamma," ta ce. "Sabuwar ƙanƙara.
Shekara biyu ina yi wa majalisar gari naci."

Na ɗauki mai jaridar, na juya shi a haske.
Na ce, wannan fa, a zurfafa?
Ta ce, "Tambaye ta da kanka, ga ta can a bakin ƙofa."